Ɗan Tela da Ilimin Awo

Unguwar Ekudu, wadda mutanen Yawunde suka fi sani da Briqueterie, mazaunanta kuma suke ce mata Birik, unguwa ce mai cin abinci da awo. Sunan nan nata na Faransanci ma daga aikin tubali ya fito, gama a wurin ne aka yi ma'aikatar tubali tun zamanin Jamusawa, tubali kuwa in bai zo daidai da ɗan'uwansa ba, bango ba ya miƙewa. Daga baya Hausawa 'yan kasuwa suka cika wurin, Fulani da Barebari da sauran mutanen arewa suka biyo su, har Hausa ta zama harshen ciniki a lungunan unguwar. Wanda ya ratsa babban titinta zai ga mai yadi da sandar awonsa, mai hatsi da mudunsa, mai tsire yana yanka nama daidai kuɗin mai saye, tela kuma da tef rataye a wuya. Dukansu sun san abu guda, wato ranar da aka kama mutum da awon zamba, ranar ce kasuwarsa ta mutu.

A wannan unguwa aka haifi wani mutum wanda yau yake koyar da ilimin fizik a jami'a. Shi ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, mutanen unguwa kuwa Ɗan Tela suke ce masa har wa yau, ko da yake furfura ta fito masa. Labarinsa ya cancanci a ji, gama iyaye da yawa suna tambaya, shin mene ne wannan fizik, me kuma zai ciyar da yaron da ya ba shi shekarunsa?

Shagon Baba

Mahaifinsa ya zo daga Garwa yana saurayi, tun kafin layin dogo ya kai Ngaundare a 1974. Yana cikin Kirista kaɗan da suke zaune a tsakiyar maƙwabta Musulmi, yana ɗinka musu kayan salla, yana kuma ɗinka wa 'yan'uwansa kayan Kirsimeti. Bai yi makaranta mai nisa ba, amma yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta awon kowane mai kawo ɗinki. Aikin yaron na fari a duniya shi ne riƙe wannan littafi. Baba ya auna ya faɗa, yaro ya rubuta.

Wata rana wani attajiri mai tumbi ya zo a auna shi. Baba ya zagaya masa tef a kugu, ya ce, “Rubuta 104.” Attajirin ya ce, “Haba tela! Ni 95 ne tun da daɗewa, kowa ya sani.” Yaro ya ɗaga alƙalami yana duban fuskar babansa. Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, abin da tef ya ce shi muke rubutawa. In na rubuta abin da kake so, rigar ce za ta tona mana asiri mu duka biyu ranar idi.” Aka yi dariya, aka rubuta 104. Yaron bai san cewa ya riga ya ɗauki darasi na fari a ilimin fizik ba.

Daren Nyos

Yana ɗan lise, wato makarantar sakandare, sa'ad da wani mugun labari ya iso Yawunde. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos da ke Arewa maso Yammacin Kamaru ya fitar da wata iska. Kafin gari ya waye mutum fiye da 1,700 sun mutu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, tare da dabbobi wajen 3,500. Babu jini, babu gobara, gidaje suna tsaye, tukwane suna bisa murhu. A cikin matattun akwai Fulani makiyaya, saboda haka labarin ya taɓa mutanen Birik ƙwarai. Shekara biyu kafin wannan, a 1984, Tafkin Monun ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya, amma mutane kaɗan ne suka kula.

A gindin kowane mai shayi kowa yana da nasa bayani. Wani ya ce aljanun ruwa ne suka yi fushi. Wani ya ce wata ƙasar waje ce ta gwada bam. Yaron ya saurara, ya lura da cewa duk wanda ya fi ƙarfin murya shi ake gaskatawa, ba kuwa wanda ya je wurin a cikinsu.

Malaminsu na fizik ne ya zo aji da kwalbar lemo, ya girgiza ta, ya buɗe, kumfa ya yi tsiri. Ya ce masana sun sauke kwalabe cikin tafkin sun ɗebo ruwan ƙasa sun auna. Tafkin yana cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya wuce mita 200. Iskar kabon, irin wadda take cikin lemon kwalba, tana tsatsowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa cikin ruwan gindi, nauyin ruwan sama kuwa yana danne ta kamar murfi. A daren nan murfin ya buɗe. Da yake iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi wajen sau ɗaya da rabi, ba ta tashi sama ba, sai ta gangara cikin kwaruruka kamar ambaliya, ta kori iskar da mutum da dabba suke shaƙa. A 1987 masana daga ƙasashe dabam dabam suka taru a Yawunde suka yi ta gardama a kan abin da ya buɗe murfin, amma gardamarsu a kan awo take, kowa yana nuna lambobinsa.

Awon nan kuwa shi ya kawo magani. A 2001 aka kafa bututu daga gindin tafkin zuwa sama, aka ƙara biyu a 2011. Da zarar ruwan gindi ya fara hawa bututun, danniya takan ragu, kumfa ya fito, ruwan ya yi sauƙi, ya ci gaba da turo kansa ba tare da inji ba, iskar tana fita kaɗan kaɗan. Da an tsaya a kan zancen aljanu, da ba wanda ya kafa bututu.

Tun daga ranar kwalbar lemo yaron ya ƙudura abin da zai karanta.

“Wannan ilimi, me yake ɗinkawa?”

Da ya ci jarrabawar bak a sashen C, wato sashen lissafi da fizik, dangi suka taru. Wani ya ce ya nemi likita. Wani ya ce kwastan, gama a can kuɗi yake. Da ya ce fizik yake so, sai aka yi shiru. Baba ya tsai da keken ɗinki, ya ce, “To, yaro, likita yana warkarwa, lauya yana shari'a. Wannan naka, me yake ɗinkawa?”

Ya ce, “Baba, ilimin awo ne. Ana auna nauyi, da tsawo, da lokaci, da zafi, da haske, da wutar lantarki, a ga dokar da suke bi. Wutar da take kunna fitilar shagon nan daga Kogin Sanaga take, daga Edeya da Song Lulu. Ruwa ne yake juya ƙarfe, ƙarfe ya juya maganaɗisu kusa da waya, wuta ta fito. Wani Bature ɗan maƙeri, Michael Faraday, shi ya gano haka a 1831, shi ma kuwa yaron shago ne, a wurin mai ɗinkin littattafai ya koyi sana'a.”

Baba ya yi ɗan tunani, ya ce, “In dai awo ne, ba ka bar gida ba. Jeka.”

Tudun Ngowa-Ekele

An kafa jami'ar a 1962 da sunan Jami'ar Tarayya ta Kamaru, daga baya ta zama Jami'ar Yawunde. Tana bisa tudun Ngowa-Ekele, tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa daga Birik, hawa da gangara, gama Yawunde gari ne na tuddai. Sa'ad da Ɗan Tela ya shiga, a farkon shekarun 1990, ita kaɗai ce cikakkiyar jami'a a ƙasar, saboda haka 'ya'yan Kamaru duka, daga Marwa har Kiribi, a nan suke haɗuwa. Yakan fito tun kiran asalatu domin ya sami wurin zama a gaba cikin babban zauren lacca, wanda ɗalibai suke kira anfi.

Ya mai karatu, in ɗanka ko 'yarka suna son wannan hanya, ga yadda karatun yake. Kashi uku ne. Akwai lacca, inda malami yake bayani ɗaruruwa suna rubutu. Akwai te-de, inda ake raba ɗalibai ƙananan ƙungiyoyi su warware lissafi a gaban allo. Akwai kuma te-pe, wato aikin hannu a ɗakin gwaji. A shekarar fari ana koyon ilimin motsi da ƙarfi, da na haske, da na lantarki, tare da lissafi mai yawa da ilimin sinadarai. Sa'an nan a shiga ilimin zafi, da maganaɗisu, da raƙuman sauti da na haske. A shekara ta uku a kai ga ƙwayar zarra da abin da yake cikinta, inda ido ba ya gani sai lissafi da na'ura. Bayan shekara uku a sami digirin fari, wanda ake kira lisans. Lissafi shi ne harshen wannan ilimi. Wanda ya raina lissafi a lise ya zama kamar mai zuwa kasuwar Mokolo ba kuɗi a aljihu.

Ga kuma wahalar harshe. Kamaru tana da harsunan hukuma biyu, malami kuwa yakan koyar da wanda ya fi iyawa. Yau lacca da Faransanci, gobe da Ingilishi. Ɗan Tela yakan koma gida da dare ya zauna a kan teburin yanka, ya sāke faɗa wa kansa darasin da Hausa. Inda Hausar ta tsaya masa, nan yakan gane cewa haddacewa ya yi, bai fahimta ba tukuna.

Lilo da lamba biyu

A ɗakin gwaji aka ba shi da abokin aikinsa wani gwaji wanda kowane ɗalibin fizik a duniya yake yi. Ana ɗaura 'yar dalma a bakin zare, a rataye, a sake ta tana lilo. In an auna tsawon zaren, aka kuma auna lokacin da dalmar take ɗauka ta je ta dawo, ana iya lissafa ƙarfin da ƙasa take jan abubuwa da shi. Zare mai tsawon mita ɗaya yakan je ya dawo cikin daƙiƙa biyu da ɗan ɗoriya. Littafin da suke karantawa, bugun Faransa, ya ce amsar ita ce 9.81.

Ɗan Tela ya auna zaren kamar yadda ake auna wuyan riga, daga inda aka ɗaure har tsakiyar dalma, sau uku. Suka ƙirga lilo ɗari, suka sāke, suka sāke. Amsoshin suka taru a wajen 9.78. Abokinsa ya ce, “Kai, mun kusa. Mu ɗan taɓa lokacin kaɗan ya ba da 9.81, mu tafi. Kowa haka yake yi.” Abin da za a taɓa ɗin bai kai rabin daƙiƙa a cikin daƙiƙa 200 ba, ba kuwa wanda zai gane. Amma hannun da ya saba da littafi mai baƙin bango ya kasa. Ya rubuta 9.78, ya rubuta a ƙasa cewa bai yi daidai da littafi ba, bai kuma san dalili ba. Abokin ya yi fushi, gama makinsu ɗaya ne.

Mako na gaba malamin ɗakin gwaji ya ɗaga takardarsu a gaban aji. Ya tambaya, “Su wa suka sami 9.81?” Hannuwa da yawa suka tashi. Ya ce, “Madalla. Ashe a Faris kuka yi gwajinku.” Sa'an nan ya ba su labari. A 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya tafi Kayen, a Amurka ta Kudu, da agogo mai lilo wanda aka daidaita a Faris. Da ya isa, agogon ya riƙa yin baya wajen minti biyu da rabi kowace rana, sai da ya rage tsawon lilon kusan milimita 3. Bai ɓoye ba, ya rubuta abin da ya gani. Niyuton na Ingila ya ɗauki wannan awo, a littafinsa na 1687 ya bayyana cewa duniya tana juyawa, ta kuma kumbura a kugunta, saboda haka jan ƙasa ya fi rauni kusa da layin da ya raba duniya biyu. Kayen tana wajen digiri 5 arewa da layin, Yawunde kuwa ba ta kai digiri 4 ba, ga ta kuma bisa tudu. Jan ƙasa a Faris 9.81 ne, a Yawunde kuwa 9.78.

Malamin ya ƙara da cewa zare da agogon hannu da ƙyar suke iya rarrabe lambobin nan biyu, mai yiwuwa ne sa'a ta taimaki yaran. Ya ce, “Ko da 9.6 suka samu suka rubuta, da na fi yarda da su a kan wanda ya kwafi littafi. Kuskuren awo ana gyara shi da wani awo. Lambar ƙarya kuwa ba ta da magani, gama ba wanda ya san akwai ciwo.”

Shekarun fari

Karatun bai tafi sumul ba. Tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsi. A 1993 gwamnati ta sāke tsarin jami'o'i, aka raba ta Yawunde biyu, ta ɗaya a Ngowa-Ekele, ta biyu a Sowa, aka kuma buɗe jami'o'i a Duwala da Dschang da Buya da Ngaundare. A wannan zamani ne tallafin kuɗi da ake ba ɗalibai ya ƙare, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. A shekarar kuma aka rage albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Littafin da ake kawowa daga waje ya ninka kuɗi, masu kawo ɗinki suka ragu, gama mai jin yunwa ba ya ɗinka babbar riga.

Ɗalibai da yawa suka bar karatu. Ɗan Tela ya tsaya ne domin mutane sun tallafe shi. Mahaifiyarsa ta ba da kwasan adashinta. Wani Alhaji mai shagon yadi ya riƙa ba Baba kaya bashi har bayan salla, bai taɓa aiko yaro tambaya ba. Kawunsa kuwa, direban babbar mota a hanyar arewa, shi ya biya kuɗin rajista shekara biyu a jere. Shi kansa yakan yi guga da sa maɓalli har tsakar dare a watan azumi, littafin lantarki a buɗe kusa da dutsen guga.

Daga buta zuwa anfi

Bayan lisans ya shiga babbar makarantar horon malamai ta Yawunde, wadda aka kafa tun 1961. Da ya gama aka tura shi wata lise a tudun Adamawa, inda ɗakin gwajin ba kome sai tebura. Ya sayi ma'aunin zafi guda da kuɗinsa, ya aro buta da murhun gawayi. Ya tambayi yara, “A digiri nawa ruwa yake tafasa?” Suka amsa baki ɗaya, “Ɗari!” Ya ce su zo su duba. Ma'aunin ya tsaya a wajen 96, ya ƙi motsi. Yara suka ce ma'aunin ya lalace. Ya bayyana musu cewa iska tana da nauyi, tana danne fuskar ruwa. A bakin teku, kamar Duwala, danniyar ta fi yawa, ruwa sai ya kai 100. Duk hawan mita 300 kuwa yakan rage kusan digiri ɗaya. A Yawunde tsakanin 97 da 98 ne, a tudunsu kuwa abin da suka gani da idonsu.

Daga can ya koma ya yi karatun dokta, yana koyarwa yana bincike. Ya tarar da cewa masanan fizik na Kamaru sun yi suna a fannin da ya fi dogara ga lissafi da kwamfuta, musamman nazarin raƙumai da motsin da ba ya bin miƙaƙƙen layi. Farfesa Timoléon Crépin Kofané na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya ya karɓi lambar Kwame Nkrumah ta Tarayyar Afirka ta 2014 saboda irin wannan aiki. Farfesa Paul Woafo kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana fizik ta Kamaru. Ɗan Tela ya sami zuwa Tiriyesti ta Italiya na 'yan watanni, a cibiyar da Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964. Salam, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1979, ya gina wurin ne domin masanin ƙasa matalauciya ya zo ya sha ilimi ya koma gida, kada kaɗaici ya tilasta masa ƙaura. Waɗansu abokansa sun zauna a Turai, bai kuwa zarge su ba. Shi dai ya dawo, ya sami aikin koyarwa a jami'a.

Ɗalibansa sun san halinsa. A takardar gwaji ba ya fara duba amsar ƙarshe. Yakan duba lambobin da aka rubuta da fari, har waɗanda aka soke. Ya hana goge lamba, sai dai a ja mata layi a rubuta dalili. Wanda ya kawo amsa sumul daidai da littafi shi yake shan tambayoyi. A zamanin nan da ɗalibi zai iya ɗauko amsar kome daga intanet cikin wayarsa, ya ce aikin malami ya koma ga abu guda da waya ba ta yi, wato sa yaro ya auna da hannunsa ya kuma tsaya a kan abin da ya gani.

Ranar da kawu ya zo

Gwaji mafi wuya bai same shi a ɗakin gwaji ba. Ɗan kawunsa, wato ɗan direban nan da ya biya masa kuɗin rajista, ya shiga ajinsa. Yaro ne mai kai, amma ya fi son yawo. A Kamaru maki bisa 20 ake bayarwa, 10 ne ci. Yaron ya sami 8.

Kawu ya zo da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi iyali. Sa'an nan ya ce, “Ɗana, ban taɓa roƙonka kome ba. Maki biyu ne kawai. Alƙalamin a hannunka yake. Ƙarfina ya ƙare, ba ni da kuɗin da zan sāke biya masa shekara.”

Ɗan Tela ya sunkuyar da kai, gama maganar gaskiya ce, bai taɓa roƙonsa kome ba. In ba domin wannan tsoho ba, da yanzu yana kan keken ɗinki. Ya ce, “Kawu, abin da ka yi mini ba zan iya biya ba har in mutu. Kuɗin shekarar, ni zan biya. Karatun, ni zan zauna da shi kowace Asabar. Amma 8 ɗin nan ba nawa ba ne da zan ƙara. Awo ne. Akwai yara goma sha da suka sami 8, ba su da kawu. In na ba shi 10, gobe a sa shi ya lissafa wayar da za ta ɗauki wutar asibiti, waya ba ta san kawu ba.”

Kawu ya tashi, ya ce, “Ashe boko yana cinye zumunci.” Ya fita bai waiwaya ba. Magana ta zaga dangi. Waɗansu suka ce girman kai ne, waɗansu suka ce butulci. A bikin da aka yi a shekarar, matan gidan kawu suka gaishe shi da baki kawai. Mahaifiyarsa ma ta ce, “Wannan yaron, taurin kan ubansa ya ɗauko.” Baba kaɗai bai ce kome ba, sai da suka keɓe ya ce, “Ka biya kuɗin da wuri, kada ya zama magana ce kawai.”

Ya biya. Yaron ya ƙi zuwa Asabar ta fari da ta biyu, ya zo a ta uku fuska a murtuke. Suka fara daga zare da dalma. Ya maimaita shekarar, ya ci da 12, nasa na kansa. Bai zama masanin fizik ba, aikin haɗa wutar rana ya kama, yana kuwa ci da iyalinsa da shi. Kawu ya koma amsa gaisuwa, amma zumuncin bai koma kamar dā ba har ya rasu. Wannan tabo yana nan a zuciyar Ɗan Tela, ba ya kuma ɓoye cewa gaskiyar awo tana da tsada.

Ga iyaye da matasa

To, me fizik yake ciyarwa? Kada a ruɗi kowa, ba hanyar arziki da sauri ba ce. Yawancin masu karanta shi koyarwa suke yi. Waɗansu suna aiki a kamfanin wuta, da na sadarwa, da ma'aikatar duba yanayi, da ɗakin hoton asibiti. Hanyar zama malamin jami'a kuwa doguwa ce. A tsarin da Kamaru ta koma bi tun 2007, shekara uku ne lisans, biyu masta, aƙalla uku dokta. Yaron arewa ba lalle ne ya zo Yawunde ba yanzu, gama ga jami'a a Ngaundare, ga kuma ta Marwa da aka kafa a 2008.

Amma ƙasa tana bukatar mutanen da za su ce tafki ya cika da iska tun bai fashe ba, su ce gada ta gaji, su ce ruwan rijiya bai shawu ba, ko da mai iko yana son jin wata lamba dabam. Irin waɗannan mutane ba a jami'a ake fara yinsu ba. A gida ake fara su, wurin uwa mai cika mudu, da uba mai rubuta abin da tef ya nuna. Iyaye, in kun ga yaro ko yarinya mai yawan tambaya, mai kwance rediyo, mai ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kada ku kashe masa zuciya da cewa ilimin nan na 'ya'yan manya ne. Ku matasa kuma, ku riƙe lissafi tun daga aji na fari, ku saba da rubuta abin da kuka gani ko da bai yi muku daɗi ba. Allah ya ba da malamai masu tsoronsa, da ɗalibai masu haƙuri.